Yadda Ake Shiga Kason Gona a Kumasi: Ka Biya Manomi Tun Shuka, Ka Ci Abin da Gona Ta Bayar

Duk mai cefane a Kumasi ya san halin tumatir. Wani watan ya cika kasuwannin Kejetia da Asafo har ana zubar da ruɓaɓɓe, bayan wata uku kuma kuɗin da ya saba cika maka kwano sai a ƙirga maka guda huɗu da shi. Manomin da ya noma shi a Akomadan bai ci ribar tsadar ba, domin lokacin ba shi da kaya, kuma ranar araha shi ya kwana da asara. Tsakanin gonarsa da tukunyar unguwar Aboabo ko Sawaba akwai dillali, da direba, da sarauniyar kasuwa, da mai kasawa. Kowannensu neman halalinsa yake yi, amma sakamakon shi ne mai noma da mai ci ba su san juna ba, kuma su biyun ne suka fi shan wahala.

Kason gona hanya ce ta haɗa su. Gidaje goma ko ashirin ko fiye su ɗaura magana da manomi guda, ko 'yan manoma kaɗan. Su ba shi kuɗi tun kafin ya shuka, ya sayi iri da taki ya biya 'yan ƙwadago ba tare da ya ci bashin ruwa ba. Idan amfani ya fara fitowa, kowane mako ko mako biyu sai a kawo abin da aka girbe a raba wa gidajen. Matan gida a Japan ne suka yi fice da wannan tsari a shekarun 1970, saboda tsoron maganin feshi a abincin 'ya'yansu. A 1986 wasu gonaki biyu a Amurka suka fara nasu, Faransa ta bi a 2001, kuma a intanet za ka gan shi da sunan CSA. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa zubin adashi ya san yadda ake ba da kuɗi yau a jira kwasa gobe bisa amana, sai dai a nan kwasar da kuɓewa da doya take zuwa.

Ina ganin tsari ne mai kyau ga mutanen zango, waɗanda yawancinmu ba mu da gona kuma kusan duk abin da muke ci saye muke yi. Amma ba a shigarsa da ka. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: ku san abin da gidanku ke ci

Kafin ka nemi kowa, ku yi mako biyu kuna rubuta cefane. Wanda ke riƙe da tukunya shi zai yi wannan, ba wanda ke ba da kuɗi ba. Uwargida ta rubuta tumatir na nawa, barkono, albasa, ayoyo, kuɓewa, alayyafo, gauta, ganyen kontomire (ganyen gwaza), doya, rogo, agade, da abin da ya rage har ya lalace. Gidan da ke cin tuwon zafi da miyar ayoyo sau huɗu a mako buƙatarsa daban da ta gidan da shinkafa da miyar tumatir suka fi yawa, haka ta mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi daban da ta su duka.

Wannan rubutun ne zai gaya maka ko cikakken kaso za ka ɗauka ko rabi. A karon farko ka ɗauki ƙarami. Idan gidanku bai kai mutum huɗu ba, ku haɗa kaso ɗaya da maƙwabta. Kuma ka sa a ranka cewa gona ba za ta raba ka da kasuwa ba. Manja, kifi, nama, gishiri da daddawa suna nan yadda suke, albasa ma mafi yawanta daga Nijar take zuwa, da wadda ake kawowa daga Bawku.

Mataki na biyu: neman inda za ka shiga

Iri biyu za ka tarar, kuma ya kamata ka bambance su. Akwai masu tallar kwandon kayan lambu a WhatsApp da Facebook da Instagram, ka biya na mako ko na wata a kawo maka har gida. Wasu daga cikinsu da gonarsu, wasu kuma kasuwa suke zuwa da asuba su saro su shirya a kwali mai kyau. Sana'a ce, ba laifi, amma in manomi bai ga kuɗinka kafin shuka ba, ba kason gona ka shiga ba, ɗan aike ka samu. Tambaya ɗaya ke raba gardama: "Ina gonar take, yaushe zan iya zuwa in gani?" Wanda ya fara kewaye-kewaye ka rabu da shi.

Na biyun shi ne ƙungiyar da ke da manominta. In akwai irinta kusa da kai, ka nemi mutum biyu ko uku da suka riga ka shiga ka ji ta bakinsu, musamman wanda ya shiga ya fita. In babu, ku kafa taku, kuma wannan bai kai wuyar da ake zato ba. Zango cike yake da ƙungiyoyi: ta matan unguwa ƙarƙashin magajiya, ta iyayen yaran makarantar Islamiyya, ta 'yan majalisa, ta masu sana'a ɗaya. Gida goma zuwa goma sha biyar sun isa farawa. In sun gaza haka kuɗin mota zai cinye amfanin, in kuma suka yi yawa tun farko rabo zai zama rigima.

Manomi kuwa ta hanyar mutane ake samunsa. Ka fara da ofishin aikin gona na gunduma, domin kowace gunduma tana da malaman gona na Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, kuma sun san ƙungiyoyin manoma na yankinsu da wanda ke cika alkawari. Ka tambayi direbobin da ke bin hanyar Offinso zuwa Techiman, da ta Mampong zuwa Ejura, da ta Konongo zuwa Agogo. Kowane yanki da abin da ya shahara da shi: Akomadan tumatir, Mampong karas, Ejura masara da wake da doya, Agogo agade. Ganye irin su latas da kabeji da albasa mai lawashi a cikin garin ma ana nomansu, a wurare irin Gyinyase da gefen jami'ar KNUST. Kuma kusan duk waɗannan garuruwa suna da nasu zangon, da manoma 'yan arewa da ke jin Hausa. Limamin zangon Ejura zai iya gaya wa limaminku a waya ɗaya ko wane mutumin kirki ne.

Mataki na uku: ku je gonar

Gani ya kori ji. Kada kobo ya fita kafin mutum biyu ko uku daga cikinku su taka gonar, kuma a sa mace a cikinsu, don ita ta san ganyen da ya yi tsufa da kuɓewar da ta wuce yanka. Ku sanar da zuwanku, ku tafi da 'yar tsaraba, ku yi gaisuwa yadda ta kamata. In dattijon Asante ne a ce masa Wofa ko Nana, in mace ce Maame, in namu ne Baba ko Malam. Kada ku sa ranar Asabar, ranar jana'iza ce a ƙasar Asante, za ku iya tarar da gari ya watse. Ƙauyuka da dama kuma ba a taɓa ƙasa ranar Alhamis bisa al'adarsu, wasu kuma da wata ranar tasu. Ku tambaya tukuna.

Abu na farko da za ku duba shi ne ruwa. Wannan ya fi komai muhimmanci, ya fi farashi. Da me yake ban ruwa da rani: rijiya, rijiyar burtsatse, madatsa, ko rafi? In rafi ne, daga ina ya taso? Rafukan da suka ratsa cikin Kumasi, irin Subin da Aboabo da Sisa, mu da kanmu mun san abin da ake zubawa a cikinsu. Ganyen da ake ci ɗanye, irin latas, in da wannan ruwan aka shayar da shi, ciwon ciki ka saya wa yaranka. A ƙauye kuma matsalar galamsey ce, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Kogin Offin da Oda da Pra sun sha wahalar masu haƙar zinariya, kuma ruwan da ya koma kalar kunu ba laka kaɗai ke cikinsa ba. Ku ce ya kai ku inda yake ɗibar ruwan, ku gani da idonku.

Na biyu maganin feshi. Kada ku tambaye shi "Kana feshi?" don zai ba ku amsar da yake ganin kuna so. Ku ce, "Baba, in tsutsa ta kama kabeji me kake sa mata?" Ku nemi ganin kwalaben. A jikin kowace kwalba ta gaskiya an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, ku tambaye shi ko yana kiyayewa. Manomin da ya ce yana feshi amma yana jira kwanakin su cika ya fi mini wanda ya rantse bai taɓa feshi ba alhali ga fankon kwalabe a gindin bishiya. In ya ce nomansa ba sinadari, ku tambayi wa ke shaidarsa. Akwai tsarin shaida na Green Label a Ghana don kayan lambu da 'ya'yan itace, sai dai shi bin ƙa'idar noma yake shaidawa ba rashin sinadari ba, akwai kuma na PGS inda manoma da masu saye ke duba gonakin juna. Rashin takarda ba ya nuna mutum maƙaryaci ne, ƙananan manoma da yawa ba su da ita, amma sai ku ne za ku zama masu dubawar. Taki ma a tambaya. A kewayen Kumasi kashin kaji ake yawan sawa, yana da kyau ƙwarai, sai dai ya kamata a bar shi ya ruɓe kafin a zuba shi a kan ganye.

Na uku ƙasar kanta. Tasa ce, ta gado ce, haya ce, ko noman raba ne irin abunu da abusa, inda mai ƙasa ke da rabi ko kashi ɗaya cikin uku? In akwai mai ƙasa, dole ya san da maganarku, in ba haka ba ranar girbi za ku ga wani ya zo da nasa buhun. A gefen birni kuma filin da ake noma yau gobe ana iya yanka shi fuloti. Ku tambayi shekara nawa ya yi a wurin.

Daga nan ku dubi hanya. Gonar da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, ba ta iya shiga in an yi ruwa, a watan Yuni za ku gane kurenku.

Mataki na huɗu: ku zauna da shi ku tsara shekara

Yankin Kumasi damina biyu gare shi. Babbar tana farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta zo daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu da rani daga Disamba zuwa Fabrairu. Kason farko ku ɗaura shi a kan damina ɗaya kawai, wata huɗu ko biyar. In an ji daɗin juna sai a ƙara.

Kowane amfani da lokacin da yake ɗauka, kuma saninsa zai hana ku zargin mutum a banza. Alayyafo da ayoyo cikin wata ɗaya zuwa wata da rabi an fara yanka. Kuɓewa wajen wata biyu. Tumatir da barkono da gauta sai an doshi wata uku. Masara ɗanya wata biyu da rabi zuwa uku, busasshiya ta fi haka. Sabuwar doya, irin pona, wajen Yuli da Agusta take fitowa. Rogo da agade kuwa kusan shekara suke yi, don haka sai in yana da su a ƙasa tun bara. Wato in kun biya a Maris, makonnin farko ba abin da za a kawo, sannan ganye ya fara zuwa shi kaɗai, sai can tsakiyar damina kwando ya yi nauyi. A gaya wa kowa wannan tun ranar farko, da babbar murya.

Ku roƙe shi ya riƙa shuka kaɗan-kaɗan duk mako biyu maimakon ya zuba komai rana ɗaya. Manomin da ya saba sayar wa 'yan kasuwa so yake komai ya nuna lokaci guda a cika mota. Ku kuwa gida ne, kwano ɗaya na kuɓewa duk mako ya fi muku buhu guda a rana ɗaya. Wannan canjin shi ne mafi wuya a wurinsa, kuma ƙarin aiki ne, ya kamata farashi ya nuna hakan. Ku kuma jawo hankalinsa kan abin da mu muke ci wanda ƙila bai saba shukawa ba: yakuwa, ayoyo, zogale, da karan dafi na wake da shinkafa. Ku lissafa azumi da Sallah. A 'yan shekarun nan azumi cikin rani yake faɗowa, lokacin da tumatir ɗin kasuwa daga Burkina Faso yake zuwa, don haka in kuna son kayan miya na azumi daga gonarku sai manomin da ke da ruwan rani.

Mataki na biyar: kuɗi da rubutu

A nan ake ɓatawa, a nan kuma ya kamata a daɗe. Hanya mafi adalci ta yanke farashi ita ce manomi ya zayyana abin da zai kashe: iri, taki, magani, sharar gona, noma, 'yan ƙwadago, man injin ban ruwa, hayar ƙasa, da ladan wahalarsa shi kansa. Kada a manta da na ƙarshen, manoma da yawa ba sa lissafa guminsu. A ƙara kuɗin mota da na buhuna, a raba da yawan kaso. Don misali kawai, a ce komai ya kama sidi 18,000 na mako 16 kuma gida 15 ne, kowane gida zai ba da sidi 1,200, wato sidi 75 a mako. Sai ka ɗauko rubutun cefanenka na matakin farko ka gwada. Wani makon kasuwa za ta fi araha, wani makon kai za ka fi kowa dariya. Wanda ya shiga don neman araha kaɗai ba zai daɗe ba. Abin da kake saye shi ne sanin inda abincinka ya fito, da sabuntarsa, da farashin da ba ya tsalle a tsakiyar hanya. Wanda ya ga ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya san darajar wannan. Amma wannan tsallen yana iya faɗa wa manomi shi ma, don haka a rubuta cewa in kuɗin taki ko mai ya tashi fiye da kima za a zauna a sake dubawa.

Sai maganar da Musulmi ba zai tsallake ba. A tsarin Turawa ka biya, abin da gona ta bayar shi ne naka, da yawa ko kaɗan ko babu. A fiƙihunmu kuwa sayen abin da ba a san adadinsa ba yana shiga garari. Biyan kuɗi kafin kaya ya halatta, shi ne cinikin salam, kuma mutanen Madina suna yinsa a kan dabino. Sharaɗin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gindaya shi ne a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Malamai kuma sun yi bayanin cewa a salam ana biyan kuɗin ne tun farko, kuma kayan bashi ne a wuyan mai sayarwa, ba a rataya shi ga amfanin wani fili guda. Saboda haka hanya biyu ce a gabanku. Ko ku yi salam sosai, a rubuta olonka (gwangwanin awo) kaza na tumatir, dami kaza na ayoyo, doya kaza, a ranaku kaza, in gonarsa ta gaza ya nemo ya cika ko ya mayar da kuɗin abin da bai kawo ba. Ko kuma ku yi tarayya, ku da jari shi da ƙasa da aiki, amfanin a raba bisa kason da aka yarda, asara ma kowa ya ɗauki tasa. Ta biyun ta fi kusa da ruhin wannan tsari, don ita ce ke ɗauke wa manomi nauyin shekarar da ta ɓaci. Mazhabobi suna da sharuɗɗa a kan tarayyar noma, don haka ku kai wa malaminku takardar ya duba kafin a sa hannu. Abin da bai kamata ba shi ne a bar maganar a dunƙule, masu kuɗi suna ganin saye suka yi, manomi yana ganin tarayya ce.

A rubuta, ko da ɗan uwanka ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Shafi ɗaya ya isa, da harshen da kowa ke ji, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaidu biyu, ɗaya daga ɓangarenku ɗaya daga nasa. A sa sunayen amfanin, ranar farawa da ta gamawa, ranar kawowa da wurin, wa ke biyan mota, ma'aunin da za a yi amfani da shi, abin da za a yi in kaya ya iso a lalace, abin da za a yi da kason wanda bai zo ɗauka ba, da yadda mutum zai fita in ya ga ba zai iya ba. A kuma fayyace ko an yarda manomi ya sayar da rarar a kasuwa. Ni ina ganin a yarda masa, muddin ya fara cika naku.

In tarayya kuka zaɓa, ba dole a ba da kuɗin duka rana ɗaya ba. Rabi kafin shuka, sauran kashi biyu a tsakiya, ya fi sauƙi ga gidaje kuma ya fi kwanciyar hankali. Ku naɗa ma'aji da mai rubutu, kada mutum ɗaya ya riƙe duka biyun. In da MoMo, wato kuɗin waya, za a tura, a duba sunan da ya fito kafin a danna, a ajiye saƙon, a sa hotonsa a zauren WhatsApp na ƙungiya. In aka ce lambar manomi ta canza, a kira tsohuwar a ji daga bakinsa. Ƙungiya in ta girma tana iya yin rajista a Sashen Ƙungiyoyin Gama Kai ta buɗe asusun banki, amma wannan ba aikin shekarar farko ba ne.

Mataki na shida: ranar rabo

A girbe da yamma ko da asuba, a iso kafin rana ta take. Ganye ba ya jiran kowa. Ku zaɓi wuri mai inuwa da mota ke iya tsayawa: zauren wani dattijo, harabar makaranta, ko rumfar wata Hajiya. Juma'a ba ta yi ba, Asabar hanya a cunkushe take kuma manomi na iya kasancewa wurin jana'iza. Talata ko Laraba ko safiyar Lahadi sun fi. Daga nesa direban trotro, wato bas ɗin haya, ko na motar kaya da aka saba da shi zai iya sauke muku a tasha, aboboya ta ƙarasa da shi unguwa. Tumatir a akwatin katako ko na roba, kada a danne shi da doya. Ganye a kwando a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ba a cikin leda ba.

Mutum biyu su yi rabo, kuma a riƙa juyawa duk mako. A sayi ƙaramin sikeli, kuɗinsa kaɗan ne a kan rigimar da zai kashe. A kasa kashi-kashi tukuna, sannan a kira suna, don kada a ce an zaɓar wa wance manya. Doya da agade da ba sa rabuwa daidai a yi musu ƙuri'a ko a bi layi. A ajiye kwando ɗaya a gefe, wanda ba ya son gauta ya ajiye ya ɗauki abin da wani ya bari. Wanda bai zo ba har la'asar kuma bai aiko ba, kasonsa ya tafi gidan marayu ko wata tsohuwa a unguwa, yadda aka rubuta. Kowa ya zo da jakarsa.

In kaya ya zo da matsala, a ɗauki hoto, mutum ɗaya da aka wakilta ya kira manomi. Kada gida goma sha biyar su yi ta kiransa kowa da nasa faɗan. Kuma a tuna kayan gona ba kamar na kanti ba ne. Karas mai ƙafa biyu da kabeji mai 'yar huda lafiyarsu lau.

Mataki na bakwai: kada ya lalace a hannunka

Ranar da kaya ya zo ranar aiki ce. A fara cin mai saurin lalacewa: ayoyo, alayyafo, latas, sannan kuɓewa da tumatir, a bar kabeji da karas da doya zuwa ƙarshen mako. Pona ba ta jure ajiya kamar sauran doya, a ci ta da wuri. Abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta, a jiƙa shi 'yan mintoci a ruwan da aka sa wa ruwan khal, a ɗauraye. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya gyara ganyen da aka yi wa feshi jiya, shi ya sa zuwa gona ya riga komai.

Makon da tumatir ya yi yawa a niƙa shi da barkono da albasa a tafasa har ruwan ya ƙone, a zuba a ƙananan robobi. Kada a dogara da firji kaɗai a garin da wuta ke ɗaukewa. Hanyar kakanninmu tana nan: a yanka kuɓewa a shanya, a shanya barkono da yakuwa da zogale, ganyen a inuwa don kada ya dushe. Cikin damina shanya a Kumasi tana da wuya saboda laima, sai a nemi ranar da gari ya buɗe ko a jira sararin Agusta. Masara da gyaɗa kuwa sai sun bushe ƙayau kafin a ɗaure buhu, wadda ta yi funfuna a zubar, kada a ba kaji ma.

In shekara ta ɓaci

Za ta ɓaci wata rana. A 2017 tsutsar nan mai cin masara ta yi wa gonakin Ghana ɓarna. A 2024 ruwa ya ɗauke tsakiyar damina a arewa da tsakiyar ƙasar, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya a watan Agusta. In irin wannan ta faru, ku tura wakilai su ga gonar tun ana cikin matsalar, kada a jira ranar rabo a ga kwando wayam. Abin da za ku tantance shi ne ƙaddara ce ko sakaci. In maƙwabtansa duka sun ƙone, sai a bi abin da takarda ta ce, kuma a yi masa sauƙi. In gonar kowa kore ce tasa ce kaɗai ciyawa ta cinye, ko kuka ji kayanku na fita kasuwa ta bayan gida, ku kira shaidun nan biyu a zauna, a gama wa'adin kason a rabu lafiya.

Mako biyu kafin ƙarshen kaso a yi taro da manomin a wurin, a ba shi kuɗin mota. Mai rubutu ya karanta abin da aka kawo mako-mako da abin da aka biya. Kowane gida ya faɗi abin da ya yi masa yawa da abin da ya gaza, shi ma manomi ya faɗi abin da ya wahalar da shi, ko jinkirin biya ne ko yawan kira. A nan za a yanke wa zai ci gaba, wa zai fita, da gida nawa za a ƙara. In za a shiga ƙaramar damina, kuɗin farko ya isa hannunsa cikin Agusta. In babbar ce, kafin ƙarshen Fabrairu, don ya sami sayen iri ya gyara ƙasa kafin ruwan farko.